'Yan Dons na San Francisco a Kakar 1951

Ƙungiyar ƙwallon zari-rugar Amurka ta Jami'ar San Francisco, wadda ake yi wa laƙabi da Dons, ta buga wasa 9 a kakar 1951 kuma ta cinye su duka. Ba a doke ta ba, ba ta yi canjaras da kowa ba. A jerin ƙarshe na kamfanin dillancin labarai na AP, wanda marubuta labarin wasanni ke kaɗa wa ƙuri'a, ta zo ta 14 a duk faɗin Amurka. Amma ba ta samu shiga ko ɗaya daga cikin manyan wasannin da ake rufe shekara da su ba, kuma watan Disamba bai ƙare ba sai da jami'ar ta sanar cewa ta daina wasan ɗungurungum. Daga cikin samarin da suka sa rigarta a waccan shekara, uku sun shiga zauren karrama gwarzayen wasan da ke Canton a jihar Ohio, ɗaya ya zama baƙar fata na farko da ya yi alƙalanci a gasar ƙwararru ta NFL, shi kuwa matashin da ke rubuta wa ƙungiyar sanarwar 'yan jarida ya shugabanci NFL ɗin kusan shekara 30.

Wasan na mutum 11 ne a kowane ɓangare, a fili mai tsawon yadi 100, wato kimanin mita 91. An fi ɗaukar ƙwallon a hannu ko a jefa ta, ba kasafai ake sa mata ƙafa ba. Ɓangaren da ke riƙe da ita yana da dama 4 ya matsa gaba yadi 10, in ya kasa ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya ƙetare layin ƙarshe da ita ya ci maki 6, da ƙarin 1 idan aka buga ta ta bi tsakanin turaku biyu. Bugun turaku daga cikin fili maki 3 ne. Idan kuma aka kayar da mai riƙe da ƙwallo a cikin gidansa, a bayan layinsu, masu tsaro sun ci maki 2.

A wancan zamani babu gasar sili-ɗaya-ƙwale da ke fitar da zakaran jami'o'i. Abin da ake da shi shi ne wasannin sabuwar shekara da ake kira Bowl, waɗanda kwamitocin attajirai da manyan gari ke shiryawa don jawo baƙi, su ne kuma ke aika goron gayyata ga wanda suka ga dama. Rose Bowl na Pasadena a Kalifoniya an riga an keɓe shi ga zakarun manyan rukunoni biyu, na gaɓar tekun Pasifik da na Big Ten, saboda haka jami'ar da ba ta cikin kowane rukuni, irin San Francisco, ba ta da rabo a can. Sauran manyan duk a Kudu suke: Orange Bowl a Miami, Sugar Bowl a New Orleans, Cotton Bowl a Dallas, Gator Bowl a Jacksonville. Kudun kuwa a 1951 yana ƙarƙashin dokokin wariyar launin fata, inda makaranta da otal da gidan abinci da kujerar filin wasa duk an raba na farare da na baƙaƙe. Gayyata zuwa irin wannan wasa ba suna kaɗai take kawowa ba, tana zuwa da kuɗin da kan iya riƙe ƙungiyar ƙaramar makaranta shekara guda ko fiye.

Jami'ar San Francisco ƙaramar makaranta ce ta limaman Jesuit na cocin Katolika. An kafa ta a 1855 da sunan St. Ignatius, ta ɗauki sunan birnin a 1930. Ba ta da filin wasa nata na kanta, haya take yi a filin Kezar da ke gefen gandun shaƙatawa na Golden Gate, mai ɗaukar mutum kusan 60,000. Shekaru da yawa makarantun Katolika na yankin, wato ita da Santa Clara da Saint Mary's, sun fi buga wasanninsu ranar Lahadi, domin Asabar ta manyan jami'o'in California da Stanford ce, kuma suna cika fili. A 1946 aka kafa ƙungiyar ƙwararru ta 49ers, ta sauka a Kezar ɗin, ta kama Lahadin, a 1950 kuma ta shiga NFL. 'Yan kallo suka koma can. Talabijin ta fara shiga gidaje, yaƙin Koriya ya fara kwashe samari zuwa soja. Ga kuma ƙa'idar canjin 'yan wasa ba iyaka, wadda ta sa manyan makarantu suka riƙa ajiye tawaga biyu, ta kai hari da ta tsaro, abin da ya ninka kuɗin tallafin karatu da na abinci da na tafiye-tafiye. Saint Mary's ta miƙa wuya bayan kakar 1950. Da Dons suka shiga 1951, kowa a makarantar ya san asusu ya yi ƙasa.

Kocinsu Joe Kuharich ne, ɗan garin South Bend wanda ya buga wa Notre Dame. Ya karɓi ƙungiyar a 1948, shekarar da ta ci wasa 2 ta faɗi 7. A 1949 ta ci 7 ta faɗi 3, a 1950 ta ci 7 ta faɗi 4. Mutum ne mai tsanani, 'yan wasansa suna kiransa Barracuda, sunan wani mugun kifin teku. Kafin a fara kaka yakan kwashe su daga sanyin San Francisco zuwa garin Corning da ke arewacin Kalifoniya, inda zafin rana ke gasa mutum, a yi ta atisaye safe da yamma. Waɗanda suka sha wannan horo sun ci gaba da ba da labarinsa har tsufansu, suna cewa bayan Corning kowane wasa sauƙi ne. Da yake ba shi da yawan mutanen da manyan makarantu ke da su, fitattun 'yan wasansa kan buga hari da tsaro duka, daga farkon wasa har ƙarshensa.

Tauraron ƙungiyar Ollie Matson ne, baƙar fata, haifaffen Trinity a jihar Texas a 1930, wanda iyalinsa suka ƙaura zuwa San Francisco yana saurayi. Yana da jiki yana da gudu, abu biyu da ba kasafai suke haɗuwa a mutum ɗaya ba, domin tun yana sakandare ya yi suna a tseren mita 400. Abokinsa Burl Toler, shi ma baƙar fata, haifaffen Memphis, bai taɓa buga wasan a sakandare ba. A kwalejin birnin ta City College aka gano shi, inda shi da Matson suka yi fice a 1948 kafin su wuce jami'a tare. Toler ne ƙashin bayan tsaro, kuma abokan wasansa sun sha faɗa daga baya cewa a cikinsu duka babu wanda ya kai shi. Akwai Gino Marchetti, ɗan Italiyawa 'yan ci-rani da suka zauna a Antioch, wanda ya girmi yawancin abokansa domin sai da ya yi yaƙin duniya na biyu a Turai yana riƙe da bindiga mai sarrafa kanta kafin ya dawo makaranta. Akwai Bob St. Clair, ɗan birnin, dogo fiye da mita 2, wanda ya yi sakandaren Polytechnic da ke kallon filin Kezar, aka kuma san shi da cin ɗanyen nama. Mai rarraba ƙwallo shi ne Ed Brown, mai ƙarfin hannu, mai dogon jifa. A ofishin watsa labarai kuwa akwai Pete Rozelle, ɗan shekara 25, wanda bai daɗe da kammala karatu a jami'ar ba.

Matsalar farko ita ce samun abokan karawa. California da Stanford, waɗanda duk suka doke Dons a 1950, ba su sa su cikin jadawalin 1951 ba. Mutanen San Francisco sun ɗauka gudu ne, kuma akwai hujja a maganarsu, domin California da ƙyar ta sha a 1950 da ci 13 da 7. Ga babbar jami'a, karawa da irin wannan ƙungiya kamar kokawar babba da yaro ce: ka kayar da shi ba wanda zai yaba maka, ya kayar da kai ka sha kunya. Dole Dons suka cike gurbi da abin da ya samu. Suka buga da San Jose State sau biyu, suka buga da ƙungiyoyin soja biyu, ta sansanin Camp Pendleton da ta cibiyar horar da sojan ruwa ta San Diego. Ƙungiyoyin soja a lokacin yaƙin Koriya ba kanwar lasa ba ne, domin cike suke da tsofaffin 'yan wasan jami'o'i da aka ɗauka aikin soja, amma masu kaɗa ƙuri'a ba sa ba su muhimmanci. Wannan jadawali ne daga baya aka kafa hujja da shi a kansu.

Sun buɗe kaka a watan Satumba da lallasa San Jose State 39 da 2, suka bi Idaho suka doke ta, suka wuce ta kan Camp Pendleton, suka sake maimaita wa San Jose State. Babu wanda ya ja da su sai da suka je New York a watan Oktoba don karawa da Fordham, wata jami'ar Jesuit. Wannan tafiya ce Rozelle ya ɗora wa buri. Ya san cewa a gabashin ƙasar ake yin suna, kuma ɗan wasan da marubutan New York ba su gani da idonsu ba kamar bai yi wasa ba ne. Ya yi ta bin ofisoshin jaridu, har ya samu tsohon marubucin nan Grantland Rice ya zo kallo. Matson bai ba shi kunya ba. Sau biyu Fordham na buga ƙwallon buɗe wasa, sau biyu yana cafe ta kusa da layin gidansu, ya keta tsakiyar mutum 11 da suka taso masa, ya bi gefen fili da gudu har ɗaya ƙarshen ba wanda ya kamo shi. An tashi 32 da 26, kuma shi ne wasa ɗaya tilo a kakar da aka kai ƙarshensa ana zullumin wanda zai ci.

A cikin wannan watan na Oktoba wani abu ya faru a garin Stillwater na jihar Oklahoma wanda ya nuna halin da baƙar fata ɗan wasa yake ciki a ƙasar. Johnny Bright na Jami'ar Drake, wanda ake sa ran zai yi takarar gwarzon shekara, ya je wasa da Oklahoma A&M. Wani ɗan wasan masu masaukin, Wilbanks Smith, ya yi ta dukansa a fuska bayan ƙwallo ta bar hannunsa, har ya karya masa muƙamuƙi. Masu ɗaukar hoto biyu na jaridar Des Moines Register suka kama abin daki-daki, hotunan suka zagaya ƙasar, suka kuma ci lambar Pulitzer a 1952. Ba a hukunta Smith ba.

Bayan New York, Dons suka doke sojan ruwan San Diego da tsohuwar abokiyar hamayyarsu Santa Clara. Sai babban wasa a Stockton a tsakiyar Nuwamba, da College of the Pacific, wadda ita ma take da kyakkyawar kaka da gwanin gudu baƙar fata mai suna Eddie Macon. Ana raɗe-raɗin cewa masu shirya wasannin Bowl sun zuba ido, kuma wanda ya ci zai samu gayyata. Dons suka yi mata kaca-kaca, 47 da 14. Wasan ƙarshe da Loyola ta Los Angeles aka yi shi a filin Rose Bowl, aka tashi 20 da 2. Matson ya rufe kaka da yadi 1,566 na gudu da ƙwallo, ya ƙetare layi sau 21, wato maki 126, kuma a duka biyun shi ne na ɗaya a ƙasar. Duk da haka a zaɓen kofin Heisman na gwarzon shekara ya zo na 9, Dick Kazmaier na Princeton ya ɗauka. Da aka zo fitar da tawagar gwanayen ƙasa, sai aka sa Matson a cikin masu tsaron baya. Ya cancanci wurin, amma mutumin da ya fi kowa gudu da ƙwallo a Amurka bai kamata a ce an rasa masa gurbi a cikin masu kai hari ba.

'Yan wasan sun hau jirgin ƙasa daga Los Angeles suna murna, suna ganin Miami ta zama tasu. Labarin da ya tarye su shi ne Orange Bowl ya zaɓi Georgia Tech da Baylor, dukansu na Kudu, dukansu farare zalla. Gator Bowl ya ɗauki jami'o'in Miami da Clemson. A nan ne ruwayoyi suka rabu. Masu shirya Orange Bowl sun ce jadawalin San Francisco ba shi da nauyi. 'Yan wasan kuwa, farare da baƙaƙe, sun tsaya a kan magana ɗaya har ƙarshen rayuwarsu: an isar musu da saƙo cewa ƙofa a buɗe take idan za su bar Matson da Toler a gida, su kuma suka ƙi nan take, ba tare da sun tsaya shawara ba. Wani mai sharhin wasanni na rediyo a birnin, Ira Blue, ya ba da labari a lokacin cewa wani jami'in Gator Bowl ya gaya masa wasannin Kudu sun yanke shawarar kauce wa ƙungiyoyi masu baƙaƙen 'yan wasa. Irin wannan sharaɗi ba a saba rubuta shi a takarda ba, da baki ake isar da shi, shi ya sa masu bincike suke saɓani kan ko an yi tayin a hukumance ko kuwa tun farko an cire sunansu ne saboda an san amsar da za su bayar.

Hujjar jadawali tana da ɗan ƙamshin gaskiya, amma ba ta isa ta rufe maganar ba. Pacific ɗin da Dons suka ba ratar maki 33 ta samu gayyata zuwa Sun Bowl a El Paso, inda Macon ya zama baƙar fata na farko da ya buga wannan wasa. Orange Bowl kuwa bai ga baƙar fata a filinsa ba sai a 1955, da zuwan Nebraska. Sugar Bowl sai a 1956, lokacin da Bobby Grier na Pittsburgh ya buga da Georgia Tech, bayan gwamnan Georgia Marvin Griffin ya yi ƙoƙarin hana wasan saboda shi. A 1951 ke nan, ko da jadawalin Dons ya fi na kowa nauyi, babu hanyar da Matson da Toler za su taka filin Miami. Abin da ya rage a hannun abokansu shi ne su tafi babu su ko su zauna tare da su, kuma sun zauna, alhali sun san abin da rashin kuɗin zai jawo wa ƙungiyar.

A ƙarshen Disamba shugaban jami'ar, Fada William Dunne, ya sanar cewa an soke wasan. Giɓin da yake jawowa ya kai kimanin dala 70,000 a shekara, kuɗi mai yawa ga makaranta irin wannan. Ba za a iya cewa kuɗin Orange Bowl kaɗai zai ceci ƙungiyar har abada ba, domin Loyola ma ta daina a wannan lokaci, Santa Clara ta bi bayan kakar 1952, Fordham bayan 1954. Guguwar ta kwashe ƙananan makarantun Katolika ne gaba ɗaya. Sai dai gayyatar da ta ba Dons shekara ɗaya ko biyu na numfashi, kuma da ta bar 'yan aji uku irin St. Clair su kammala inda suka fara. A maimakon haka ya tattara ya koma Jami'ar Tulsa don shekararsa ta ƙarshe, wasu suka watsu zuwa wasu makarantu, wasu suka ajiye wasan.

Shekarun da suka biyo baya ne suka nuna ko su wane ne aka hana zuwa Miami. Matson ya je gasar Olamfik ta Helsinki a 1952 ya dawo da tagulla a mita 400 da azurfa a gudun ba-da-sanda na mita 400 sau huɗu. Chicago Cardinals ta ɗauke shi na uku a zaɓen sababbin 'yan wasa, a shekarar da Kuharich ya zama kocinta. Ya yi kaka 14 a NFL. A 1959 Rozelle, wanda a lokacin shi ne babban manajan Los Angeles Rams, ya ba da 'yan wasa 9 don ya samu Matson shi kaɗai. Marchetti ya zama jigon tsaron Baltimore Colts da ta ci kofin NFL a 1958 da 1959, kuma har yau ana lissafa shi cikin waɗanda ba a taɓa yin kamarsu ba a gurbinsa. St. Clair ya dawo Kezar ya yi wa 49ers wasa daga 1953 zuwa 1963, har ya riƙe muƙamin magajin garin Daly City yana cikin wasa. Ed Brown ya jagoranci harin Chicago Bears. An shigar da Matson da Marchetti zauren Canton rana ɗaya a 1972, Rozelle a 1985, St. Clair a 1990.

Toler ne ƙaddara ta sauya wa hanya. Cleveland Browns ta zaɓe shi, amma a wasan gwanayen jami'o'i da zakarun NFL a Chicago a 1952 ya ji mummunan rauni a gwiwa, wasansa ya ƙare kafin ya fara cin moriyarsa. Ya koma San Francisco ya kama aikin koyarwa a makarantar Benjamin Franklin, ya yi ta hawa har ya zama baƙar fata na farko da ya shugabanci makarantar gaba da firamare a birnin. A 1960 aka zaɓi Rozelle shugaban NFL yana ɗan shekara 33, kuma a zamaninsa ne, a 1965, aka naɗa Toler alƙalin wasa. Ya yi shekara 25 yana wannan aiki a ranakun Lahadi, yana cikin alƙalan Super Bowl na 14, wasan ƙarshe na fitar da zakaran NFL, a watan Janairun 1980.

Ita jami'ar ta mayar da ƙarfinta kan ƙwallon kwando, wadda ba ta cin kuɗi kamar zari-ruga. A ƙarƙashin koci Phil Woolpert, da Bill Russell da K.C. Jones, ta ci kofin ƙasa a 1955 da 1956 da tawagar da baƙaƙen fata suka yi rinjaye a cikin masu fara wasa, abin da ba a saba gani ba a lokacin. Labarin 'yan 1951 kuwa ya kwanta shekaru masu yawa, ba a cika jin sa a wajen San Francisco ba, sai da mujallar Sports Illustrated ta tono shi a 1990, Kristine Setting Clark ta rubuta littafi a kansa a 2002. A 2006 jami'ar ta ba ƙungiyar digirin girmamawa, a watan Janairun 2008 masu shirya Fiesta Bowl a jihar Arizona suka gayyaci waɗanda suka rage a raye aka karrama su a fili, a 2014 kuma tashar ESPN ta nuna fim a kansu. Toler ya rasu a 2009, Matson a 2011, St. Clair a 2015, Marchetti a 2019. An rushe tsohon filin Kezar a 1989 aka gina ƙarami mai ɗaukar kimanin mutum 10,000 a wurinsa, kuma tun 2001 dandalin wasan da ke cikinsa yana ɗauke da sunan Bob St. Clair.